Wankan Baba a Ƙarƙashin Zane

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma wanda ya tashi a irin gidan da na tashi ya san nauyin da ke cikin wannan. Mahaifina ba ya faɗin sunana. In zai aike ni, sai ya ce wa ƙanina ya gaya wa wancan ya je kaza, alhali ina tsaye a wurin. Ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, ban taɓa ganinsa babu riga ba. Ba ƙi na yake ba, ni ma na san haka tun ina yaro. Kunya ce irin ta mutanen da, ya same ta wurin iyayensa ya riƙe. Direban babbar mota ne, ya daɗe yana ɗauko citta da doya daga kudancin Kaduna, har ƙarfi ya fara ja baya ya ajiye tuƙi ya zauna a gidanmu na Tarauni.

Ciwon ya same shi a bazarar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula, wannan karon na baya-bayan nan. An gama zaɓe, hotunan 'yan takara sun fara koɗewa a jikin katangu, kowa na jiran rantsuwa. Ina shagona na kafinta a Gyadi-Gyadi aka zo aka ce Baba ya faɗi wajen alwalar azahar. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace. Yana magana, amma da nauyi, sai ka kasa kunne sosai.

Aka ba shi gado a ɗakin maza na wani asibitin gwamnati da ba shi da nisa da mu. Dokar ɗakin ita ce namiji ne zai zauna da marar lafiya. Ƙanina yana aiki a Fatakwal, sauran duk mata ne suna gidajen mazajensu. Inna tana zuwa da abinci lokacin ziyara, amma gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, ko bokitin ruwa ba ta iya ɗagawa. Saboda haka jinya ta faɗo kaina, ni da ban taɓa riƙe ko hannun mutumin ba.

Na yi abin da na ɗauka shi ne ladabi. Na shimfiɗa tabarma a baranda, daidai tagar da ke kallon gadonsa. In shiga in durƙusa in gaishe shi, in ajiye abinci, in fito. Masu dubiya su zo in ce musu da sauƙi. Da na ga kwanukan suna komawa gida yadda suka zo, sai na ce ai abincin ne bai yi masa ba. Na sa aka yi farfesun kaza, na sayo fura mai kyau a Unguwa Uku, na kawo lemo da ayaba. Ya kalla ya kau da kai. Ruwa ma sai dai ya jiƙa leɓe. Ina kallo yana ramewa, idanunsa suna faɗawa, ni kuma ina ta sake abinci kamar mai neman sa'a. Yau in na tuna sai in rasa inda hankalina ya tafi.

A ɗakin akwai likitoci masu zagayen safe, akwai nas-nas masu allura da magani, sannan akwai mataimakansu, su ne masu wanka da juya marasa lafiya da sauya zanin gado da ɗaukar fo na bayan gida. A cikinsu akwai wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa, zai girme ni da kaɗan, Kirista ne daga kudancin Kaduna, yana zaune a Hotoro da iyalinsa. Kullum a kan keke yake zuwa, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba. Ba zan ɓoye ba, da farko daga nesa nake gaishe shi, hannuna a aljihu, saboda na ga abin da yake ɗauka. Ya lura, bai nuna ba.

Tsofaffin ɗakin suna ce masa likita, shi kuma kullum sai ya gyara musu. Wani ya miƙa masa hoton ƙirji ya ce ya duba, sai ya ce wannan ba aikinsa ba ne, a bari likita ya zo. Wani ya roƙe shi ya ƙara masa ƙwayar barci, ya ce sai abin da sista ta ce. Amma babu wanda ya san mutanen ɗakin kamarsa. Ya san wanda ba ya iya haɗiya sai an karkata masa kai, ya san wanda ke ɓoye magani a ƙarƙashin filo, ya san wanda shirunsa na barci ne da wanda shirunsa na ciwo ne. Abin da ya gani sai ya kai wa sista, ita kuma ta kai wa likita.

Shi ya fara gano abin da ke faruwa da Baba. Ya ga kwalbar fitsari tana wuni babu komai a ciki, ya ga harshen ya bushe. Ya gaya wa sista, likita ya zo aka ɗaura ƙarin ruwa. Da la'asar ya same ni a gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin, inda na ja tabarma don shan iska, ya zauna a gefen tabarmata ba tare da na ce bismilla ba. Ya tambaye ni ko ni ne babba a gida. Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya riga ya san amsar.

"Malam kafinta, ka daina wahalar da kaji," ya ce. "Babanka yunwa yake ji kamar kowa. Ya san in ya ci zai buƙaci fo, kuma ya san kai ne a bakin taga."

Ya ƙara da cewa akwai wani wuri a ƙugun Baba da ya yi ja saboda kwanciya a gefe ɗaya, in ba a riƙa juya shi ba zai fashe ya zama gyambo, kuma irin wannan gyambon ya ga ya kai mutane kabari bayan ciwon da ya kawo su ya lafa. Ya ce da safe sun yi ƙoƙarin yi masa wanka, ya riƙe zanen da hannunsa mai lafiya ya ƙi saki. Na tambaye shi to yaya za a yi. Ya ce in ba shi gobe, kuma in matsa da tabarmata daga jikin tagar.

Washegari na koma can ƙarshen baranda, amma kunnena yana ɗakin. Na ji ya shigo da bahon ruwa yana cewa ina bawan nan nasa Bakano, wai an ce masa ko a gadon asibiti ciniki yake yi, ya ƙi cin abinci don a rage masa kuɗin gado. Babu mai yi wa mahaifina irin wannan magana. Can sai na ji muryar Baba, da nauyinta, yana tambaya shi ɗan ina ne. Ya faɗi garinsu. Baba ya ce to ai shi ba Bazazzagi ba ne, da wane dalili zai yi masa wasa.

"Ƙasar Zazzau ce, Baba. Tun kakanni muke riƙe da ku."

"Ƙarya kake," in ji Baba. "Mu muka saye ku. Da citta."

Wani tsoho mai karaya a gadon kusa ya tuntsire da dariya har da tari. Daga nan hira ta ɓarke. Ashe Baba ya san garin nasu, ya san gadar da ke kafin a shiga, ya san gangaren da birki ke ƙonewa a kansa, ya san wata mai tuwo a tashar da ta daɗe da rasuwa. Mutumin ya ja labule ya kewaye gadon, hirar ba ta tsaya ba. Ina jin ƙarar matse tsumma a cikin ruwa, ina jin Baba yana gardama a kan wace hanya ta fi kusa zuwa Kafanchan. Da aka buɗe labulen, Baba yana kwance a ɗaya gefen cikin riga mai tsabta, an sa masa filo tsakanin gwiwoyi, an taje masa gemu. Ranar ya sha koko rabin kofi daga hannun mutumin.

Na daɗe ina tunanin wannan abin. Ni ɗansa ne, kunya ta hana shi komai a gabana. Mutumin kuwa baƙo ne, addini daban, yare daban, sai ya nemo wata ƙofa da al'adarmu ta bari a buɗe ya shiga ta nan. Tsakanin abokan wasa babu kunya, Baba ya san haka, kuma ina jin ya ji daɗin da aka ba shi wannan mafita.

Kwanaki suka tafi a haka. In mutumin yana bakin aiki Baba ya ci ya sha, in ya tashi sai a koma cin kaɗan-kaɗan. Sauran mataimakan suna iya ƙoƙarinsu, Baba ya ɗan saki jiki da su, amma ni dai ko labulen ban isa in taɓa ba. Jan da ke ƙugun ya tsaya bai ƙaru ba. Sai likita ya ce hawan jinin da ya kayar da shi ya sauka, nan da ɗan lokaci za a sallame mu, sauran jinya a gida. Kowa ya yi hamdala ban da ni. A gida babu mataimaki, babu abokin wasa. Daga ni sai Inna mai ciwon gwiwa. Na san abin da Baba zai yi, zai rufe bakinsa ne har Allah ya ɗauki ransa, kuma ba zai taɓa faɗin dalili ba.

Ban kai ga yi wa mutumin maganar ba ya riga ni. A gabana ya tsaya a kan Baba ya ce masa an kusa korarsa daga ɗakin, kuma shi ba zai bi shi Tarauni ba, matarsa ba za ta yarda ya tare a gidan Kanawa ba. Ya ce saura mutum ɗaya da zai yi aikin nan, ga shi tsaye. Baba ya juya fuska wajen bango. Da ƙyar na ji abin da ya ce.

"Ɗan fari ne."

Na zaci mutumin zai ce masa ai lalura ce, ko ya kawo masa wa'azi, ko ya ce zamani ya canza. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce ya sani, kuma shi ma ba zai so ɗansa na fari ya gan shi a tuɓe ba. Sai ya tambayi Baba ko a duk wankan da ya yi masa ya taɓa barin jikinsa a buɗe. Baba ya ce a'a. Mutumin ya ce to haka zai koya mini. Ba zan ga komai ba, Baba ba zai ga fuskata ba, kuma ba sai mun yi wa juna magana ba. In an gwada bai yi ba, a bari. Baba bai ce e ba, amma bai ce a'a ba, kuma a wurin mahaifina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar da muka fara ita ce ranar rantsar da sabuwar gwamnati. Duk ɗakin an kewaye rediyon tsohon nan mai karaya, masu jinya da masu shara har da wani ɗan sanda da ya kawo fursuna. Mutumin ya ce a ƙara murya, yau ranar farar hula ce. Daga baya na gane da gangan ya zaɓi lokacin, don hankalin kowa yana wani wuri, har da na Baba.

Ya ja labule. Ya sa na wanke hannu har gwiwar hannu, ya ba ni safar hannu, ya sa na taɓa ruwan da bayan hannuna. Ya tsayar da ni a bayan Baba, ta inda ba za mu haɗa ido ba. Sai ya shimfiɗa zane babba tun daga wuya har ƙafa, ya zare rigar ta ƙarƙashinsa, ban ma ga yadda ya yi ba. Zane biyu yake aiki da su, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, inda suka haɗu nan kaɗai yake buɗewa, kuma bai fi faɗin tafin hannu ba. Ya goge, ya tsane da tawul, ya rufe, ya matsa gaba. Wurin da bai kamata a gani ba kuwa ko buɗewa ba ya yi, hannu ne ke shiga da tsumma a ƙarƙashin zane, ido yana kan bango. Kafin ya taɓa ko'ina sai ya faɗa. Baba zan ɗaga hannun hagu. Baba zan lanƙwasa gwiwa. Ko ɓarin da ba ya ji sai ya nemi izininsa.

Ni mai aikin hannu ne, na san hannun da ya ƙware in na gan shi. Na ga masu sassaƙa, na ga maƙera, na zauna da tsofaffin kafintoci da ba sa buƙatar awo. Ban taɓa ganin hannu irin na mutumin nan ba. Ga ƙarfi, don shi kaɗai yake juya ƙaton mutum kamar Baba, ga taushi kamar yana ɗaukar ƙwai. Ya nuna mini yadda ake juyawa ba tare da an ja hannun da ya shanye ba, don kafaɗar tana iya gocewa. A lanƙwasa gwiwa, hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, a jawo mutum zuwa jikinka, kada a tura shi. Ya nuna mini yadda ake sa fo daga baya a rufe, a fita a ba mutum wuri, kada a tsaya masa a ka. Ya nuna mini yadda ake ja zanin gado ya miƙe sarai, don ƙaramar tattara tana iya cin fata. Sai ya buɗe daidai wurin jan nan, ya ce in duba da kyau, in riƙe kamanninsa a kaina, in ya ƙara duhu ko ya yi ruwa kada in tsaya shafa wani abu, in dawo da shi asibiti.

Sannan ya miƙo mini tsumman.

Na karɓa na sa shi a bayan mahaifina. Na ji tsokar ta ɗaure. A rediyo ana ta buga badujala, mutane suna tafi. Mutumin ya zagaya ta gaban Baba ya tsuguna daidai fuskarsa, ya ce yanzu da farar hula suka hau, ko Kanawa za su fara biyan bashin cittar da suka ɗauka. Baba ya ce sai an kawo shaida. Suna wannan ina gogewa. A bayan akwai wani dogon tabo da ban san da shi ba, daga kafaɗa zuwa haƙarƙari. Shekara da shekaru yana ɗauke da shi a cikin gidan da nake kwana. A hankali na ji tsokar ta saki.

Da muka fito na ce masa Allah ya saka. Ya ce amin, ya ce in tuna juyi ba na safe da yamma ba ne kaɗai, in ɗaura shi a kan lokutan salla in ƙara wasu a tsakani, kuma in riƙa duba dunduniya da gwiwar hannu. Ya ɗauki bahonsa ya wuce gado na gaba, inda wani ya ɓata shimfiɗa yana kuka don kunya. Ina ji yana ce masa ai shi wannan ne aikinsa, in kowa ya daina wa zai biya shi albashi.

Sauran kwanakin ni nake yi yana tsaye, daga baya ya koma bayan labule, daga baya ya daina zuwa sai na kira. Ranar da aka sallame mu ba ya bakin aiki. Na ce zan je Hotoro in neme shi in yi godiya yadda ta kamata, hidima ta sha kaina, da na waiwayi asibitin aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Wannan yana cikin abubuwan da na yi sakaci da su.

Mun iso gida da hantsi, ruwan farko ya sauka a daren da ya wuce, tsakar gida tana ƙamshin ƙasa. Muka kwantar da Baba a ɗakinsa. Maƙwabta suka yi ta shigowa har azahar. Inna ta kawo koko da ƙosai, ya kalla bai taɓa ba. Da mutane suka watse na ce wa Inna ta dafa ruwa, ta ba ni zannuwanta biyu, ta zauna a ƙofa kada kowa ya shigo.

Na yi sallama na shiga ta bayansa. Babu rediyo, babu mai ba'a, daga ni sai shi sai ƙarar kaji a waje. Na shimfiɗa zanen. Na ce, Baba zan zare riga. Wannan karon hannunsa mai lafiya bai riƙe zanen ba. Na jiƙa tsumma na sa a kafaɗarsa.

"Ya yi zafi," ya ce wa bango. "Shi yana sirkawa."

Na sirka. Na bi jikin tafin hannu bayan tafin hannu kamar yadda aka koya mini, yana gyara mini ba tare da ya juyo ba, nan ban tsane ba, can na yi sauri. Na juya shi, na duba ƙugun, jan ya fara washewa. Na sa masa riga, na ja zanin gadon ya miƙe, na tattara kayana zan fita.

Ina bakin ƙofa ya ɗaga murya ya kira Inna. Ya ce a ɗumama kokon nan, kuma a ƙaro ƙosai, wanda aka kawo ya yi kaɗan.